Me Ya Sa Dutse Ke Ƙanƙancewa A Cikin Waya?

Wanda ya saba bin kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Ƙonni da Maraɗi ya san wurin. Da an bar Dosso, an wuce Bolbol da Kore Mairuwa, sai jajayen duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai su fara leƙowa ta bakin Dallol Mawuri, har a iso wanda garin Dogon Dutsi ya ci sunansa. A daidai nan baƙo ke zaro waya ya miƙa ta taga, ya danna sau biyu ko uku, ya mayar aljihu. Sai an tsaya salla ya buɗe don ya nuna wa na kusa da shi, ya tarar dutsen da ya cika masa ido ya koma ɗan tsibi can ƙuryar hoto. Sama ta ci rabi, kwalta ta ci sulusi, ga wayar lantarki ta ratsa tsakiya, ga baƙar leda maƙale a jikin ƙaya. Abin da yakan biyo baya shi ne: "Kai, wayar nan kyamararta ba ta da kyau."

Yawanci wayar ba ta da laifi. Mutum idan ya kalli dutse, hankalinsa ne ke kallo: ya share leda, ya share wayar lantarki, ya jawo dutsen kusa ya girmama shi, duk cikin ƙiftawar ido, bai ma san ya yi ba. Kyamara ba ta da wannan hankalin. Duk abin da ya gitta gabanta daraja ɗaya take ba shi, da dutse da leda. Ga shi kuma gilashin kyamarar waya an ƙera shi ne don ya kwaso fili mai faɗi, shi ya sa na kusa ke kumbura, na nesa ke tsukewa. Aikin da hankali ke yi a ɓoye, dole mai ɗauka ya yi shi da ƙafarsa da hannunsa. Ya zaɓi inda zai tsaya, ya zaɓi abin da zai shiga da abin da zai bari a waje, ya zaɓi lokacin dannawa. Ni a ganina wannan zaɓin shi ne gindin sana'ar fim gaba ɗayanta, da ta zanen fasta, da ta tsara shafin intanet. Kyamara mai tsada ba ta ɗauke wa kowa shi.

To, yaya za a mayar wa dutsen da girmansa? A sauka daga mota a taka. Kada a ja hoton da yatsa don a matso da shi, domin a yawancin wayoyinmu wannan jan yankan hoton ne kawai da buɗa shi, sai ya fito dishi-dishi. A matsa da ƙafa har ledar da wayar lantarkin su koma baya. Sannan a jira wani abin da ido ya san tsawonsa ya shigo gindin dutsen, ko amalanken shanu, ko mace da tulu a ka, ko makiyayi da sandarsa a kafaɗa. Da mutum ya bayyana ɗan mitsitsi a ƙasa, mai kallo ya sami ma'auni. Inda ƙasa ta haɗu da sama kuma kada ya raba hoton biyu daidai. A raba allon gida uku a zuci, a bar wa sama kashi ɗaya, ko a ba ta biyu idan hadarin damina ya haɗo yana da abin nunawa. Kusan kowace waya tana da layukan nan a cikin saitinta, sai dai ba a kunna su.

Sai lokaci. Da tsakar rana a ƙasarmu rana tana bisa ka, haskenta na dukan komai daga sama, jan dutse ya koɗe ya koma kalar toka. Da hantsi ko da la'asar sakaliya kuwa hasken yana zuwa ta gefe, kowane tsagi da kowane kogo ya sami inuwarsa, dutsen ya yi jiki. Haka abin yake ga fuskar mutum, har ma ya fi. Dubi hotunan ɗaurin aure da ake ɗauka bayan an sauko daga Juma'a: ango cikin farar shadda, hula ta jefa masa inuwa, idanu sun zama ramuka biyu, rigar kuma ta yi ƙyalli har aikin wuyanta ya ɓace. Wayar ta auna hasken rigar ne, ta manta da mai rigar. Maganin bai wuce a ja shi inuwar bedi ko bakin zaure ba, fuskarsa na duban waje inda haske yake, mai ɗauka ya ba hasken baya, ya taɓa fuskar a jikin allo don waya ta san ita ake nufi. Wanda ya tsayar da mutum a bakin ƙofa rana na bayansa, inuwa zai ɗauko. Hazon hunturu da muke kuka da shi ma yana da ranarsa, don yana tausasa haske, fuska ta fito sumul.

Daga hoto zuwa fim taki ɗaya ne. Fim hotuna ne a jere, 24 a kowace daƙiƙa a sinima, 1,440 ke nan a minti guda. Wayoyi galibi 30 suke yi. Finafinan da 'yan'uwan nan biyu, Lumière, suka haska wa jama'a a Paris ranar 28 ga Disamba 1895, kowanne bai kai minti ɗaya ba, kuma kyamarar a kafe take wuri guda daga farko har ƙarshe. Abin da masu sana'ar suka gano daga baya shi ne, labari ba ya tashi sai an canza mazauni an kuma haɗa guntaye.

Filin kokowa ya ishe mu makaranta a nan. Bayan kaka, idan an kafa da'ira a wani ƙauyen Matankari ko na Tibiri, sai ka ga samari da yawa sun ɗaga waya sama, kowa na bin 'yan kokowa da ita hagu da dama, hannu na rawa, har a yi kaye. Wanda aka tura wa bidiyon ba abin da zai gani sai ƙura da ƙeyar mutane. Mai lura kuwa tun kafin a fara ya ɗauki filin daga nesa, daƙiƙa goma, hannu a tsaye, gwiwar hannu manne da haƙarƙari: ga taro, ga makaɗa, ga inda manya suka zauna. Mai kallo ya san inda yake ke nan. Sai ya matso ya ɗauki mutum biyun daga gwiwa zuwa ka lokacin da suke zagayen juna. Sai kuma ƙananan abubuwan da na bayan taro ba ya gani: yatsun ƙafa suna nutsewa cikin rairayi, layu a damtse, hannu yana lalubar ɗamara, gumi a goshin makaɗi, wani dattijo da ya miƙe tsaye bai sani ba. Nesa tana faɗin wuri, tsaka-tsaki tana faɗin abin da ake yi, kusa ita ke taɓa zuciya. Duk wanda ya kalli gasar takobin ƙasa, wadda aka soma a Tawa a 1975, a Télé Sahel, ya ga yadda ake yawo tsakanin ukun nan, musamman idan irin su Issaka Issaka na Dosso suka shiga fili.

Akwai wata ƙa'ida a nan da ba a ganinta sai an karya ta. Idan na Tibiri yana dama na Matankari yana hagu, to a zuci a ja layi tsakaninsu, mai kyamara ya zauna gefe ɗaya na layin. Da ya zagaya ɗaya gefen ya ci gaba da ɗauka, a allo na dama zai koma hagu, mai kallo ya rikice ya rasa wa ya kama wa. Haka take ga mutum biyu masu hira a kan tabarma. Yawancin ruɗanin da ake ji a ƙananan finafinan da samari ke yi, wanda mai kallo ba ya iya faɗin dalilinsa, daga tsallake layin nan yake.

Haɗa guntayen shi ake kira tacewa, kuma a nan ne ma'ana ke haihuwa. Wajen 1920 wani malamin fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya liƙa ta bayan kwanon miya, ya sake liƙa ta bayan akwatin gawa, ya sake bayan wata mace. Masu kallo suka ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuskar ɗaya ce. Ke nan dattijon da ya miƙe a filin kokowa, in ka sa shi bayan kaye ya zama mai murna, in ka sa shi bayan an ji wa yaro ciwo ya zama uba mai fargaba. Wannan iko ne babba, kuma amana ce, domin da shi ake ƙulla wa mutum abin da bai yi ba. Tacewa kuma tana bukatar taurin zuciya. Bidiyon biki na awa uku, wanda aka bi kowace kujera aka haska kowane baƙo yana tauna, ko amarya ba ta kallonsa sau biyu. Minti goma da aka zaɓa da kyau sai a yi ta tura shi har Kwatano da Legas, inda 'yan ci-rani suke.

Sauti kuwa shi ne maraya a aikinmu. Mutane suna yafe wa hoto mai duhu, amma ba su jure maganar da ba su ji. Iskar hunturu tana buga makirufon waya kamar ana yage zane, ga injin niƙa, ga kabu-kabu, ga janareto. A matsa kusa da mai magana, a juya wa iska baya, a rufa wa makirufon ɗan soso. In da waya ta biyu, a kunna ta a sa a aljihun gaban rigarsa, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara. Da wannan tafin za a daidaita murya da leɓe wajen tacewa. Allon nan da ake bugawa a gaban kyamara a manyan finafinai aikin da yake yi ke nan.

Batun zane da tsari kuwa, ban san malamin da ya fi mai kayan miya a kasuwar Dutsi ba. Ku tsaya ku dube ta kafin ciniki ya buɗe. Ba ta juye tumatir da tattasai da kuɓewa wuri ɗaya. Kowane iri da sashensa, kowane kashi da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa, har mai saye ya san iyakar na dala ashirin ba tare da ya tambaya ba. Babban tumatir mai sheƙi shi ke bisa, don shi ido zai fara sauka a kai. Ja tana ajiye shi kusa da kore, kowanne ya ƙara fito da ɗayan. Buhu da ragowar kaya suna bayanta, ba su tare gaba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma da wannan sanin take cin abinci. Abin da ake koya wa ɗalibin zane a shekararsa ta farko bai wuce wannan ba: abu mafi muhimmanci ya fi girma, dangi su zauna tare, a bar fili tsakani, launi ya bambanta da abin da ke bayansa.

Yanzu a kwatanta da katin gayyatar da ke yawo a WhatsApp. Furanni a kusurwa huɗu, zobba biyu, tattabaru, hoton ango da amarya, launi bakwai, salon rubutu biyar, sunayen abokan ango ashirin. Ranar ɗaurin auren da wurin kuwa an rubuta su da ruwan ɗorawa a kan fari, can ƙasa, sai an buɗa da yatsa biyu. Mai katin ya biya kuɗi, amma abin da ya sa aka yi katin ya ɓace. Tambayar da ta kamata mai zane ya yi wa kansa kafin ya taɓa kwamfuta ita ce: in mutum zai kalli wannan na daƙiƙa uku kawai, yana bisa babur a tsakar rana, me nake so ya tafi da shi? Wannan shi za a girmama. Salon rubutu biyu sun isa, launi uku sun isa. Samarin fada, wato majalisar hirar samari, da ke rubuta sunan fadarsu a bango da fenti sun fi fahimtar haka, don bango ba ya ba su damar cika surutu. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta yi littafi guda a kan fadojin nan a 2019.

Shafin intanet shi ma tebur ne, sai dai mai saye yana zuwa ta ƙaramar taga. A ce ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Tibiri, ko masu noman dankali a lambunan Dutsi, suna son shafi. Wanda zai buɗe shi da waya zai buɗe, rezo na zuwa yana ɗaukewa, megarsa kuma ƙidayayye ne. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai mega uku ko huɗu. Ana iya matse shi ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, ido bai ga bambanci ba a ƙaramin allo. Shafin da aka loda wa manyan hotuna goma da bidiyo mai kunna kansa, kafin ya buɗe mai saye ya tafi. Abin da ake sayarwa, farashi, gari, da maɓallin kira su zo a farko, manya, yadda babban yatsa zai same su. Tun da kuma da yawa daga masu sayen ba su karanta boko, hoto bayyananne da saƙon murya sun fi dogon bayani amfani.

Akwai wata matsala da ta shafe mu, wadda mai koyo daga bidiyon Turawa ba zai ji an ambata ba: haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Salon rubutu da yawa ba su da su. Sai ka ga kalma ta fito da ɗan akwati a tsakiya, ko harafin ya fito da wata siffa dabam kamar baƙo a cikin layi. Masu zane da yawa sukan gudu su cire lanƙwasar gaba ɗaya, su bar mai karatu da canka. Bai kamata ba, tun da akwai salo na kyauta masu ɗauke da su, irin su Noto na Google da Andika. A gwada haruffan nan huɗu tun kafin a zaɓi salo.

Abin da ya sa na damu da duk wannan ya wuce katin biki. Ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, an ɗauke ta a fim, amma galibi da idon baƙo. Bafaranshen nan Marc-Henri Piault, mai littafin tarihin Mawuri na 1970, ya yi fim a kan mahautan yankin a shekarun 1960. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, Abdoulaye Mamani ya mayar da shi littafi a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Aiki ne na ƙwarai, kuma ya kai sunan Lugu inda bai taɓa zuwa ba. Sai dai an so ɗaukarsa a Nijar bai yiwu ba, Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ce ta karɓe shi. Aï Keïta da ta fito a Sarauniya 'yar can ce, harsunan fim ɗin kuma Julanci ne da Fulatanci da Faransanci. Duniya ta san Sarauniya, amma ba ta ga duwatsun Lugu a fim ɗin ba, ba ta ji Hausar Arawa ba.

Ba kuma rashin gado ne ya hana mu ba. Moustapha Alassane da zane da akwati da fitila ya fara haska wa mutane hotuna tun yana saurayi, kafin ya yi Aouré a 1962. Oumarou Ganda shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972. A Kano, 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa da kyamarar bidiyo suka yi Turmin Danya a 1990, daga nan masana'anta guda ta tashi. Wanda ya fi kusa da abin da nake nufi shi ne Sani Magori na Galmi, a kan wannan kwaltar tamu in an wuce Ƙonni. Malamin gona ne. A 2008 ya yi fim a garinsu, cikin danginsa, da Hausa, a kan auren da ke jiran kuɗin albasa: in farashi ya tashi a yi biki, in ya faɗi a ɗaga. Ba sarki, ba bindiga, ba rawa a bakin ruwa, amma an kalle shi a ƙasashe da dama. Ya san inda zai tsaya ne domin ya san mutanen, su ma sun saki jiki da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Irin waɗannan labaran suna nan birjik daga Dogon Kiriya har Dumega: mai haƙar rijiya a cikin dallol, matan da ke jiran 'yan ci-rani, ranar da ake ɗaure damman hatsi a kai rumbu, tsofaffin Matankari da Bagaji da suka riƙe jerin sarakuna da na masu sarautar Baura a ka. Amma zaɓin abin da zai shiga hoto ya haɗa da sanin abin da bai halatta ya shiga ba. Ba a ɗaga wa dattijo waya sai an gaishe shi an nemi izini, an kuma faɗa masa inda hoton zai je. Ba a shiga cikin gida a haska matan mutane don an ga haske mai kyau a tsakar gida. A wuri irin Lugu, inda har yau akwai Sarauniya da dutsen Tunguma da ka'idojinsu, abin da masu wurin suka ce kada a ɗauka, a sauke waya.

In an samu izinin, a zaunar da tsohon a inuwa fuskarsa na duban haske, a kafa wayar a kan turmi ko buhu daidai tsayin idonsa, kada a ɗauke shi daga sama. A bar shi ya gama zancensa ko ya yi shiru a tsakani, don sau da yawa bayan shirun ne maganar ke fitowa. A ranar kuma a kwafe abin da aka ɗauka wuri biyu, domin waya tana faɗawa rijiya, katin ajiya yana ƙonewa. Kafin ya soma, a roƙe shi ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, mai ɗauka shi ma ya faɗi rana da wata da shekara da bakinsa. Rubutun da aka sa wa bidiyo yakan ɓace in ya bi hannu goma a WhatsApp, amma abin da aka faɗa a cikinsa yana tafiya tare da shi.